Yatsu Biyun Malama Lubabatu

Litinin, 8 ga Satumba, bayan la'asar

Na iso Gummi lafiya. Inna tana tsintar wake a tsakar gida na yi sallama. Ta ɗago ta dube ni, ta dubi 'yar jakata, ta ce, "Luba? Ke da wa?" Na ce ni kaɗai. Ta ce, "Jami'ar taku an tashe ta?" Na ce hutu na ɗauka. Ba ta ƙara tambaya ba, ta sa aka share mini ɗakin marigayi Baba.

Shekara talatin ina koyar da fiyano a jami'a can kudu, ban taɓa zuwa gida ana tsakiyar zangon karatu ba. Ta san haka. Ni ma na san ta sani.

Biro yatsu uku yake buƙata, shi ya sa nake iya rubutu. Sauran biyun na hannun dama, na zobe da autansu, suna nan a naɗe cikin tafina kamar an yi musu faɗa. Ba zan rubuta komai a kan ranar Asabar ba.

Talata, 9 ga Satumba, da hantsi

Wayata a kashe. Na yi barci kamar an sauke mini kaya.

Yaya Sanusi ya biyo zai tafi gona. "Ah, Dakta ce da kanta? Yau wane biki za a kaɗa muna?" Tsokanar ke nan tun ina budurwa. Na yi dariya, na ɓoye hannun cikin mayafi. Ya ce gero ya yi kyau bana, amma na kusa da gari kawai ake yanka. Gonarmu ta bayan gulbi ba wanda ya leƙa ta, kowa ya san dalili.

Hoton Baba yana nan a bango, cikin kakinsa na 'yan badujalar 'yan sanda, da abin busarsa a hammata. Shi ya kai mu barikin kudu, can matar shugabansu ta zaunar da ni gaban wani tsohon fiyano ina 'yar firamare. Da Baba ya ajiye aiki kowa ya dawo gida, ni na tsaya. Inna ba ta taɓa hana ni ba. Amma in an tambaye ta aikina, "malamar jami'a" take cewa ta yi shiru. Abin da nake koyarwa ba ya fita bakinta.

Laraba, 10 ga Satumba, da azahar

Yau ma haka.

Alhamis, 11 ga Satumba, da yamma

Na kunna waya. Da na sani ban kunna ba.

Shugaban sashenmu ya kira ba adadi. Saƙonsa cikin ladabi: in huta, amma in sanar da su matsayina kafin wata ya ƙare. Likitan da na gani a ɓoye tun watannin baya shi ma ya turo, wai ban dawo an ɗauki hoton hannun ba. Wani ya ce akwai bidiyon wasana na ranar Asabar yana yawo. Ban buɗe ba.

Sai Kausar. Ɗalibata ce 'yar ajin ƙarshe, mutuniyar Lokoja, mafi taurin kai a duk waɗanda na koyar, kuma mafi kunne. Farkon Oktoba za ta yi kiɗan jarrabawarta gaban alƙalai daga waje, kuma da shi za a duba ko za a ba ta gurbin ƙaro karatu. Ita ce ke zaune gefena ranar tana juya mini takardar kiɗa. Babu wanda ya ga abin kusa kamar ita.

Saƙonta ɗaya ne tak: "Malama, sashe na biyu na kiɗan ya ƙi mini. Yaushe ne darasi?"

Na sake kashe wayar.

Juma'a, 12 ga Satumba, bayan an sauko daga masallaci

Kwana nawa ke nan ina cewa kunu nake so, fura nake so, cikina ba ya son abu mai nauyi. Tuwo yana buƙatar yatsu duka. Inna tana kallona tana ƙyale ni.

Yaya Sanusi ya shigo da wani mutum mai suna Haris, mai situdiyo a bakin kasuwa, wanda ke haɗa wa mutane waƙoƙin biki. Ya sha ganin wasannina a waya, in ji shi, bai taɓa yarda 'yar Gummi ba ce sai da Yaya ya rantse masa. Yana ɗauke da fiyanon lantarki a kafaɗa, naɗe da bargo.

"Hajiya, guda biyu gare ni. Wannan ya zauna nan har ki tashi komawa. Mutum irinki bai kamata ya kwana gidan da babu shi ba."

Na ce na gode, ya mayar da abinsa. Ya dubi Yaya, Yaya ya dubi rufin zaure. Sai ya ce babur ɗinsa ba mai, zai dawo ya ɗauka. Na ji tashin babur ɗin da kunnena.

Yana nan a zaure. Na ƙara masa zani a kan bargon.

Asabar, 13 ga Satumba, da safe

Mako guda.

Lahadi, 14 ga Satumba, bayan magariba

Inna ta kama ni.

Ta tuƙa tuwon gero da miyar yakuwa, ta ajiye kwano ɗaya tsakaninmu, ta ce yau babu kunu a gidan nan. Na yanko loma, kafin ta kai bakina yatsun suka naɗe, ta faɗi a cinyata. Na sake. Ta sake faɗuwa.

"Nuna mani hannun ga."

Na miƙa. Ta buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya, ta saki, suka koma. Ta sake buɗewa, suka koma.

"Tun yaushe?"

"Ya kwana biyu, Inna. Da sai in ina kiɗa. Yanzu ya fara bina ko'ina."

"Shina ciwo?"

"Ba ya ciwo. Ba ya jin maganata ne kawai."

"Gaban mutane yay yi maki?"

Na janye hannuna. Ta ɗauko ludayi ta miƙo mini, ta ci gaba da cin tuwonta. Can ta ce jibi za mu Bukkuyum wurin Goggo Hawwa'u. Na ce Inna, wannan ba aikin tausa ba ne, jijiya ce daga kai. Ta ce, "Awo, Dakta. Jibi dai za mu."

Talata, 16 ga Satumba, bayan la'asar

Mun je mun dawo da rana tsaka, kamar yadda kowa ke yi yanzu.

Goggo Hawwa'u Bafulatana ce, ƙawar Inna tun suna amare, ita ta yi mini wankan jariri. Sun bar rugarsu, suna zaune cikin gari a wani gida mai ɗaki biyu, shanun da suka rage suna hannun 'ya'yanta can wani wuri da ba ta faɗa ba. Ta tsufa, amma hannunta kamar na maƙeri. Ta zaunar da ni a tabarma, ta lakato man shanu, ta kama daga kafaɗa har farce. Na ji daɗi, ba zan yi ƙarya ba. Yatsun ba su miƙe ba.

Tana tausar tana magana da hannun, ba da ni ba. "Kai ma ka yi ƙoƙari. Aikin wani aka ɗora maka, ka ɗauka shekara hamsin."

Na ce, "Aikin wa, Goggo?"

Ta dube ni, ta dubi Inna. "Ba ki taɓa gaya mata ba? Ke ai bahaguwa aka haife ki. Da hagu kike kama nono, da hagu kike jifar kaji. Innarki ta ɗaure maki shi da ɗankwali har kika saba da dama. Ni na riƙe ki ana ɗaurewa, kina ta ihu."

Ban tuna ko kaɗan ba. Amma tun ina ɗaliba malamaina ke cewa haguna ya fi damana ƙarfi, yana danne kiɗan, in rage shi. Rabin rayuwata na yi ina rage shi.

A mota Inna ta juya fuska waje tana kallon gonakin dawa. Sai da muka kusa gida ta ce, "Zamanin haka aka yi wa kowa." Na ce na sani. Ta ce, "Ban ce ki sani ba, na ce haka aka yi."

Laraba, 17 ga Satumba, da azahar

Inna ta ajiye kwano, ta tura shi ta ɓangaren haguna. "Ci da wanga. Allah ya san da lalura." Na ci. Miya ta zubo mini har gwiwar hannu, muka yi ta dariya kamar ba mu ba.

Alhamis, 18 ga Satumba, da hantsi

Inna ta tafi barkar suna. Gida ba kowa.

Na yaye zanin, na yaye bargon. Abin wasa ne in an kwatanta da wanda na saba: maɓallansa ba nauyi, ba su kai yawan na gaske ba, ɗaya daga cikin baƙaƙen ya karye an manne shi. Na zauna a kan hannun dama don kada ya shiga abin da ba a kira shi ba. Na ɗora hagu.

Akwai kiɗe-kiɗen da aka rubuta wa makaɗan da suka dawo daga yaƙi da hannu ɗaya. Na san da su, na taɓa koyar da tarihinsu, ban taɓa ɗaukar su da muhimmanci ba. Na lalubo farkon ɗaya daga ka. Babban yatsa yana rera waƙar a sama, sauran huɗun suna yi masa shimfiɗa a ƙasa. Na yi kuskure ba iyaka. Na maimaita layi ɗaya har batir ya mutu.

Da na ɗago, rana ta bar tsakar gida. Na manta ban ɗora wa Inna ruwan zafi ba.

Juma'a, 19 ga Satumba, da yamma

Jiya na ruɗi kaina. Yau da aka kawo wuta na gwada hannu biyu. Layi ɗaya ban kai ƙarshensa ba.

Wa zai zauna ya koyi fiyano wurin wadda ba za ta iya nuna masa ba? Duk koyarwata da hannu ce. Ɗalibi ya yi, in ce matsa, in zauna in yi, ya ji bambancin. Ban san wata hanya ba.

Asabar, 20 ga Satumba, da safe

Yau ma haka. Na mayar da bargon.

Litinin, 22 ga Satumba, bayan la'asar

Na yanke shawara. Ƙarshen wata zan kira shugaban sashe in ajiye aikin. Zan zauna da Inna, ta tsufa, ba wanda zai ce ban kyauta ba. Yaya Sanusi ya ce, "In don Inna ne, ta fi ki lafiya." Ban kula shi ba.

Na kunna waya na rubuta wa Kausar cewa ta je wurin ɗaya malamin fiyanon sashenmu, na san zai karɓe ta. Na yi mata addu'a. Amsar ta zo kafin in ajiye wayar.

"Na je. Ya ce ya yi kyau. Bai yi kyau ba, Malama. Ina ne Gummi?"

Na rubuta mata da manyan baƙaƙe kada ta kuskura.

Laraba, 24 ga Satumba, da azahar

Kausar ta kira daga tashar Gusau. Tun jiya take hanya. Na yi mata tsawa, na ce ta juya. Ta ce motar ta riga ta cika, tana tsakiya, ko tana so ba ta iya fita. Tana dariya.

Yarinyar nan ba ta san hanyar nan ba. Ba ta san me ya sa direbobi ke gudu a wasu wurare ba.

Laraba, bayan la'asar

Wayarta ba ta shiga.

Laraba, dab da magariba

Yaya Sanusi ya dawo daga tasha. Ya tsaya a zaure bai shigo ba, sai da na fita. Ya ce tun azahar babu motar da ta shigo daga wajen Anka. Ana cewa wani abu ya faru a hanya. Wasu sun ce an juyar da motoci, wasu sun ce ba duka ba.

Ba duka ba.

Na kira, na kira. Inna ta shimfiɗa darduma ba ta ƙara tashi ba. Uwar yarinyar nan ta taɓa zuwa ofishina da buhun garin rogo, ta ce ta ba ni amanarta. Me zan ce mata? In ce 'yarki ta biyo ni ne saboda na ƙi ɗaga waya?

Ya Allah, ka bar mini yatsun a naɗe har abada, na yarda. Ka dawo da ita kawai.

Laraba, bayan magariba

Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi.

Baƙuwar lamba. Muryar mace: "Ke ce Malamar kiɗa? Sunana Safiya, tuwo nake saidawa tashar Anka. Ga ɗiyarki nan ta cika mani rumfa da surutu." Motarsu tana cikin waɗanda aka tsayar tun kafin su bar Anka. Wayarta caji ya ƙare. Hajiya Safiya ta gan ta zaune kan jaka ba ta san kowa ba, ta ce ta biyo ta gida ta kwana da 'ya'yanta.

Da aka ba Kausar wayar na buɗe baki zan yi faɗa, sai kuka ya zo. Ita ce ke ba ni haƙuri.

Ban tambayi labarin sauran motocin ba. Yaya ya ji, na ga fuskarsa. Allah ya kuɓutar da bayinsa.

Alhamis, 25 ga Satumba, da yamma

Da hantsi muka bi ayarin motocin da jami'an tsaro suka raka, ni da Yaya. Mun isa Anka lafiya.

Mun same ta a rumfar Hajiya Safiya ta ɗaura zani tana wanke kwanoni, wai ba a cin tuwon mutane a zauna. Na gode wa matar nan har ta ce in bari haka nan, ita ma tana da 'ya a makaranta a wani gari, wani ke duba mata.

Na ja Kausar gefe. "Kina da hankali kuwa? A kan kiɗa za ki kashe kanki?"

"A kan kiɗa kika gudu, Malama."

Yaya Sanusi ya yi tari ya tafi neman ruwa.

Na ɗaga mata hannun a fuska, karo na farko da na nuna wa wani da kaina. "Dubi. Da me zan koya miki?"

Ta duba sosai, ba ta kawar da kai ba. "Na gani tun ranar. Na ma gani tun kafin ranar, kina sauya yatsu a wuraren da ba kya sauyawa. Ni ba hannunki na biyo ba. Kunnenki na biyo. Kowa cewa yake ya yi kyau. Ke kaɗai ke sanin inda nake ƙarya."

Na ce ta ɗauko jakarta.

Inna ta tare ta a ƙofar gida, ta kama kunnenta ta murɗa, sannan ta rungume ta. "Ke ce kinka hana mu cin abinci jiya?" Ta ba ta kwanon da ya fi kowanne nama.

Juma'a, 26 ga Satumba, da hantsi

Darasin farko a zaure. Haris ya kawo batir mai cajin rana, ya haɗa, ya ce shi ba zai tsaya ba, sannan ya zauna a dakali har aka gama.

Kausar ta kaɗa sashe na biyu. Gaskiyarta, bai yi kyau ba. Babu kuskure ko ɗaya, kuma babu rai. Jikina ya yunƙura zan ce matsa, sai na tuna. Na koma na zauna.

Na ce, "Me kike tsoro a nan?"

Ta ce ba ta tsoron komai. Na ce to me ya sa take gudu duk lokacin da kiɗan ya yi sanyi? Na ce ta rera da baki. Ta ji kunya, ta rera. Numfashinta ya ƙare a tsakiyar layi. Na ce, "Kin ji? Nan ne kiɗan ke son ya numfasa, ke kuma kina hana shi." Na tsaya bayanta, na ɗora haguna a kafaɗarta, in ta yi sauri in danna, in lokacin tafiya ya yi in saki.

A karo na ban san nawa ba, abin ya zo. Ita ma ta ji. Ta ɗaga hannuwa daga fiyanon ta riƙe bakinta.

Shekara talatin ina nuna wa ɗalibai yadda ni nake yi. Yau na ga yadda ita za ta yi, kuma ba irin nawa ba ne.

Asabar, 27 ga Satumba, da yamma

Fiyanon Haris gajere ne. In kiɗan ya hau sama maɓallai sukan ƙare, sai Kausar ta ci gaba a kan katakon teburi, ƙwas ƙwas ƙwas, fuskarta a murtuke kamar tana gaban alƙalai. Inna ta leƙo ta ce, "Wanga wurin ya fi daɗi." Mun yi dariya har darasi ya tsaya.

Muna faɗa a kan wani gudu a sashe na uku. Na ce ta sa yatsa na uku, ita sai na huɗu. Ta ce ya fi mata sauƙi. Na ce sauƙin yau ne, ranar jarrabawa zai zame. Ta ce to. Ta sake sa na huɗu.

Asabar ce ashe. Sai yanzu na lura.

Lahadi, 28 ga Satumba, bayan la'asar

Muna tsinke zogale Kausar ta ɗauko maganar.

"Malama, kin san abin da ya faru bayan kin fita?"

"Ba na son ji."

"Ba wanda ya yi dariya. Ba wanda ya tashi. Mun zauna muna jira ko za ki dawo. Da aka ce a watse, tsofaffin ɗalibanki suka ƙi fita, wai sai sun ji lafiyarki. Ni aka bari da takardar a hannu, ban san ko in rufe ta ba."

Na ce ta miƙo mini tire.

Na ɗauka abin da na bari a zauren wasan can kunya ce. Ban taɓa kawo wa raina cewa mutane na bari cikin damuwa ba.

Litinin, 29 ga Satumba, da hantsi

Na kira likita. Ya yi mini faɗa kamar ƙaramar yarinya, ya ba ni rana a mako mai zuwa. Ya ce akwai allura, akwai atisaye, wasu suna samun sauƙi, wasu ba sa samu. Bai yi mini alkawari ba, na ji daɗin haka.

Sannan na kira shugaban sashe. Na faɗa masa da bakina: hannuna na dama ya samu matsala, ban san ranar warkewarsa ba, ban san ko zan sake hawa dandamali da hannu biyu ba. Amma zan koyar, in suna so.

Ya yi ajiyar zuciya har na ji ta waya. "Dakta, ɗalibanki sun hana ni shan ruwa. Yaushe za ki iso?"

Na ajiye waya. Kausar tana bakin ƙofa tana yi kamar shara take.

Talata, 30 ga Satumba, da yamma

Kausar ta kaɗa kiɗan jarrabawarta daga farko har ƙarshe. Matan maƙwabta sun shigo, Yaya ya dawo daga gona da wuri, Haris ya zo da matarsa. Da ta gama ta tashi daga kujerar ta ce saura Malama.

Na ce a'a. Inna ta ce, "Ke Luba, mutane na jira."

Na zauna a kan damana, na kaɗa musu na hagun nan, iya inda na haddace. Gajere ne, na yi tuntuɓe sau biyu. Ban tashi ba. Na koma baya kaɗan na ci gaba har na kai inda na sani.

Wata tsohuwa ta tambayi Inna, "Wai dama aikin da take yi can ke nan?" Inna ta ce, "Shi ne. Ubanta ta gado." Ta tashi ta shiga ɗaki, ta daɗe ba ta fito ba.

Haris yana naɗe fiyanonsa ya ce in na dawo hutu yana da wata waƙar amarya da ke neman hannun hagu mai nauyi. Na ce sai na ji waƙar tukuna, ba na kaɗa shirme. Ya ce shi ma haka aka gaya masa.

Laraba, 1 ga Oktoba, da hantsi, a mota

Inna ta cika mana jaka da ƙuli-ƙuli da man shanun Goggo, ta ce in riƙa shafawa ko likita ya yarda ko bai yarda ba. A bakin ƙofa ta kama hannun, ta sumbaci yatsun biyu, ta tura ni waje kafin in ga idonta.

Mun wuce wurin da abin ya faru lafiya. An tsaya a Anka ana shan mai, na aika wa Hajiya Safiya gaisuwa da rabin ƙuli-ƙulin. Rubutun nan a karkace yake saboda a cinya nake yi.

Yatsun suna nan yadda suke. Jarrabawa saura kwana kaɗan, kuma akwai aiki a sashe na uku.

Kausar ta yi barci a kafaɗata, baki buɗe. Hannunta yana kan gwiwata yana motsi, tana kaɗa gudun nan cikin barci. Na zuba ido ina bin yatsun.

Na huɗu ta sa.

Bari mu isa Gusau ta farka. Za ta ji daga gare ni.